Wuƙa Mai Ido

Ranar da takardar ta iso Gidan Rumji ina kwance ƙarƙashin wani amalanke ina walda ƙafarsa da ta tsage, sai na ji guɗa daga layinmu. Na ce ko haihuwa aka yi. Ban gama cire gilashin walda ba na hango Nusaiba, 'yar yayata, tana tahowa da gudu mayafi na binta a baya, ita da kullum take tafiya kamar wadda ta ɗauko ƙwai a ka.

"Kawu Wada! Ta zo! Burebe ta zo!"

Na jefar da ƙarfen hannuna, na rungumi takardar kafin in rungumi mai ita. Burebe ita ce shaidar da ake ba wanda ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yin irinsa ba, don kada wani ya kwaikwaya sai da izininsa. Tun daga Yawunde aka aiko ta, ta biyo ta Yamai, ga hatimi, ga sunan Nusaiba Yahaya a sama da manyan baƙaƙe. A shafi na gaba ga zanen injin nan namu, kowane ƙarfe da lambarsa. Na gane kowannensu, domin babu wanda bai ƙona min hannu ba. Wallahi daɗin da na ji ranar ko sanda na buɗe shagona ban ji shi ba.

Bari in faɗi abin da injin yake yi, don na gaji da masu ce masa injin niƙa. Matan ƙungiyar su Yaya Tata, uwar Nusaiba, dankali mai jan ciki suke sarowa daga fadamar Gulbi. Su fere shi, su yanka shi tsaye-tsaye, tsawon yatsa da kaurinsa, su soya, su ɗura a leda a kai Maraɗi. Abin da ke hana su sakat ƙwaro ne. Yana shiga dankali tun yana ƙasa ya bar baƙin tabo mai ɗacin tsiya, kuma wanda ya tauna guda ɗaya a leda ba zai sake saye ba, sai ma ya gaya wa maƙwabcinsa. Don haka dole a zauna a bi kowane yanki da ido da wuƙa ana ɗauke tabon. Da safe aiki na tafiya. In la'asar ta yi ido ya gaji, tabo sai ya riƙa wucewa a gaban mace tana kallonsa.

Nusaiba ta gama jami'a a Maraɗi ta dawo da zane a jaka. Ta ce tana son shimfiɗar roba mai tafiya, da kamara a sama, da 'yar wuƙa mai saukowa ta datse inda tabo yake ta bar sauran. Na ce mata ɗiyar nan, wuƙa ba ta da ido. Ta ce shi ne za ta sa mata. Ni na haɗa gangar jikin da ƙarfen tsohon gado, ɗan injin da ke jan robar kuma na goge gilashin wata matacciyar mota ne. Idon dai nata ne, ban isa in ce da hannuna a ciki ba. Ta yi watanni tana ɗaukar hoton dankali, mai kyau da mai tabo, tana nuna wa ƙaramar kwamfutarta, har allon ya iya ja wa kowane tabo jan layi, wuƙa ta bi layin. Sannan ta bi mu da kamara tana ɗaukar hannayenmu. Nawa mai tabon wuta, nata, na matan ƙungiya jiƙe da ruwan fira, babba da yaro ba ta bar kowa ba. Da zarar ido ya ga hannu sai allo ya koma rawaya, komai ya tsaya cak. Na zura nawa hannun ya fi a ƙirga, bai taɓa ba ni kunya ba.

Hannu ɗaya ne bai shiga hoton ba, na Yaya Tata. Ko ƙofar ɗakin injin ba ta bi. Muna yara injin sussukar gero ya tafi da yatsun maƙwabcinmu Tsoho a gaban idonta, ita ta ɗaure masa dungun da kallabinta, kuma tun daga nan ko markaɗe za ta yi sai dai ta aika. Ba ta taɓa hana Nusaiba ba. Takan dafa mana tuwo ta aiko, ta yi mata addu'a, amma in aka ce ta zo ta gani sai ta ce ƙafarta na ciwo. Ni kuwa na san yarinyar. Mutanen gari suna ta maganar Yawunde da Yamai, ita abin da ke cin ranta shi ne uwarta ta tsaya gaban abin da ta yi ta zuba masa dankali da hannunta, ko sau ɗaya ne.

Da yammacin ranar aka karanta takardar a tsakar gida, Nusaiba na juya ta da Hausa. Yaya Tata ta saurara har ƙarshe, ta karɓa ta shafa hatimin da babban yatsa.

"Manya sun duba ke nan?" in ji ta.

"Sun duba, Inna."

"To, ran da za ki nuna shi ga mutane, ni za ni fara zuba mashi, Auta."

Nusaiba ta buɗe baki za ta fara bayani, wai takardar cewa kawai ta yi injin nata ne, ba ta ce ba ya da aibi ba. Na taka mata ƙafa. 'Yan boko ke nan, a ba su abin da suka daɗe suna nema sai su tsaya gyara magana. Hawaye na zuba mata tana dariya, ni kuma na fita waje na riƙa tare duk mai wucewa ina ba shi labari.

Aka sa ranar. Husaina, shugabar ƙungiya, ta gayyaci kowa, har da wani Alhaji Dalhatu mai masana'antar ɗura kayan abinci a Maraɗi, wanda ya ce in injin ya yi masa zai nemi izinin Nusaiba a ƙera da yawa. Na sake fentin ƙarfen da shuɗi. Na goge faifan hasken rana har ina ganin gemuna a ciki. Nusaiba kuwa kwanakin nan ba ta san ko ta ci abinci ba, tana cikin wayoyi da batiri, ko kitso ba ta samu ta yi ba.

Mata su ma suka shiga nasu shirin. A lokacin aiki ba mai yin ƙunshi a cikinsu, don fira da ruwa ba sa barin lalle ya kwana biyu a hannu, asara ce kawai. Amma baƙi za su zo daga Maraɗi, za a ɗauki hoto, wa za ta yarda a gan ta da farin hannu? Ana gobe taro suka ajiye wuƙaƙe suka taru gidan Sadiya mai lalle. Har Yaya Tata, wadda rabonta da ƙunshi tun rasuwar mijinta, ta miƙa hannu aka yi mata. Da safe na gan ta tana alwala, yatsun sun kama jawur har gaɓa, ga ɗige-ɗigen baƙin lalle a jere a kansu. Na ce, "Yaya, wagga kwalliya ai sai ki sa a zaci ke ce amarya." Ta ce in rufe mata baki tun ba ta tuna min da wa ya goye ni ba.

Kafin hantsi rumfa ta cika. Kujerun roba suka ƙare, mutane suka hau katanga. Ga wakilin magajin gari, ga malaman lakol da ɗalibansu, ga manoman dankali daga fadama da laka a ƙafa. Alhaji Dalhatu ya iso da farar mota da babbar riga mai aiki, ya zauna gaba yana kaɗa makulli. Muka turo injin tsakiyar fili. Liman ya yi addu'a, aka shafa, Nusaiba ta danna maɓalli, roba ta fara tafiya a hankali.

Yaya Tata ta taso da kwarya cike da yankakken dankali. Ta tsaya can bakin robar, nesa da akwatin da wuƙa take ciki, ta yi bismilla ta ajiye yanki na farko. Ya tafi, ya shige ƙarƙashin murfi, muka ji kyat! Ya fito ta ɗaya gefen tas, baƙin tabon kuma ya faɗa cikin kwanon ƙasa shi kaɗai.

Wayyo, guɗar da aka yi! Husaina ta cire ɗankwali tana kaɗawa. Ɗalibai suka riƙa tsalle. Ni ban san sanda na ɗaga wani manomi sama ba, mutumin da ko sunansa ban sani ba. Yaya Tata ta ajiye na biyu, na uku, ta fara jera su bibbiyu, kyat, kyat, kyat, masu kyau na wucewa ba a taɓa su ba, masu tabo na fitowa a gyare. Nusaiba na tsaye gaban allo, ido ɗaya a kansa ɗaya a kan uwarta, fuskarta kamar za ta tsage don murmushi.

Alhaji Dalhatu ya taso ya ɗebi 'yan yankuna ya juya su a tafin hannu, ya duba kwanon ƙasa ya ga ba a yi ɓarnar nama ba. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ƙwanƙwasa murfin da makullinsa.

"Malama, a buɗe man nan. Ni ban sayen abu a rufe. Ko buhun hatsi sai na soka na gani."

Nusaiba ta dube ni. Murfin shi ne ke raba hannu da wuƙa. Amma mutane suka ɗauka, a buɗe, a buɗe, kowa na son ganin wuƙa mai ido. Ta ce in kwance, na kwance. Ga wuƙar nan tana walƙiya, tana sauka tana tashi kamar kan kaza mai tsince. Alhaji ya ce to in hannu ya shiga fa? Nusaiba ta yi murmushi, ta naɗe hannun riga ta zura nata. Allo ya koma rawaya, roba ta tsaya, wuƙa ta ƙame a sama. Ta janye, aiki ya ci gaba. Na zura nawa don kada a bar ni a baya, ya tsaya. Wakilin magajin gari ya zura nasa yana runtse ido, ya tsaya. Tafi ya kaure, har da masu ihun sunan Nusaiba.

Duk wannan a gaban Yaya Tata aka yi, kuma na ga yadda kafaɗunta suka sauka. Ta matso kusa. Ta fara zuba dankalin da sauri, irin saurin da take yi a faifai, har tana amsa wa Husaina magana. Sai wani yanki ya hau kan ɗan'uwansa ya gicciye, roba na tafiya da su wajen wuƙa. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta ƙyale. Ta miƙa hannu ta bi shi za ta daidaita.

Ni hannun nake kallo, ina jiran in ji injin ya tsaya. Bai tsaya ba. Na ɗaga ido na dubi allo, babu rawaya ko kaɗan. Yatsun Yaya ne a jere jawur, ido ya zana musu jajayen layuka a kan ɗige-ɗigen baƙin lalle, daidai yadda yake yi wa dankali.

Ban ga sanda Nusaiba ta bar gaban allo ba. Na dai ji ta ƙwala "Inna!", ta faɗa kan batiri ta fizge wayar da hannu biyu, har tartsatsi ya tashi. Roba ta tsaya. Wuƙa ta riga ta taso, ta tsaya a rabin hanya, tsakaninta da yatsan tsakiya bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba.

Na baya ba su san abin da ya faru ba, suna ta leƙe. Ni kuma bakina ya riga hankalina.

"Batiri ne, jama'a! Kuran ɗinsa ya yi ƙasa, wuta ta rage, yanzu za a gyara!"

"Ba batiri ba ne, Kawu."

Nusaiba ce ta faɗa, kuma kowa ya ji. Da ina da iko da na sake taka mata ƙafa, sai dai tana nesa. Ta kama hannun uwarta ta fito da shi a hankali, ta juya shi ta duba yatsa bayan yatsa. Sannan ta juyo da allon, wanda hoton ƙarshe yake kai, ta nuna wa jama'a.

"Injin bai gane hannun Inna ba. Bai taɓa ganin hannu da ƙunshi ba, ban nuna mashi ba. Jan lallen ya ɗauka dankali ne, baƙin kuma tabo. Laihina ne, kuma ba mai sake zuba mashi komi sai na gyara."

Mata suka dubi hannayensu gaba ɗaya. Husaina ta ɓoye nata a cikin zane. Wata tsohuwa ta ce inna lillahi, ta ja jikarta baya. Alhaji Dalhatu ya tattara babbar rigarsa ya ce Allah ya kiyaye gaba, in an gyara a neme shi, ya nufi mota. Ban ko bi shi da ido ba. Yaya Tata nake kallo, domin na san abin da ke zuwa. Mace ce da ta yi shekaru tana gudun ƙarfe, ranar da ta yarda da shi ranar ya nemi yatsanta. Na ce a raina shi ke nan, ko sunan injin nan ba za a sake ambata a gidanta ba. Nusaiba ma ta san haka. Tana durƙushe gaban uwarta kanta a ƙasa, tafin hannunta ya yi baƙi inda tartsatsi ya lashe shi, ba ta ma kula ba. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Yaya Tata ta daɗe tana duban allon. Ta matsa kusa, ta ɗaga hannunta ta jera shi da hoton, ta ɗauki yankin dankali ɗaya ta kara da yatsanta.

"Ashe kau sun yi kama," in ji ta. Sannan ta dube ni. "Wada, wagga wuƙa tana hita?"

"Tana hita, Yaya."

"To hidda ta."

Na kwance ta, na naɗe a tsumma na sa aljihu. Ta ce wa Nusaiba ta maida wayar. Yarinyar ta ɗago tana kallonta kamar ba ta ji Hausa ba.

"Ba ke kinka ce bai taɓa gani ba? Yau ga shi nan. In munka bari, sai wani biki kuma. Tashi ki ɗauka."

Ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan robar, ƙarƙashin kamara, ta baje yatsu. Nusaiba ta maida waya tana share ido da gefen mayafi, ta fara ɗauka. Juya, Inna. Dunƙule. Miƙe ɗaya. Yaya na yi tana mita, wai ko mai hoton katin zaɓe bai wahalar da ita haka ba. Ko waiwayawa ba ta yi ba, sai ta ɗaga murya.

"Husaina, mi kike ɓoyo cikin zane? Ke da Sadiya ta ɓata ma rabin yini? Ku taho dut!"

Husaina ta fito da hannu tana dariyar kunya, ta bi bayanta. Sai layi ya kafu. Mai jan lalle zalla, mai baƙi har wuyan hannu, mai zanen ganye, mai dungule a tafi, wadda nata bai kama ba ana yi mata tsiya, tsohuwar nan ma da ta ja jikarta baya ta dawo ta shiga. Matan da ba 'yan ƙungiya ba suka aika gida a kirawo duk mai ƙunshi a unguwa. Aka dawo da guɗa, ta fi ta farko ƙarfi. Ni aka naɗa ni mai tsare layi, ina ta faɗa da masu son shiga sau biyu, ina jin kamar in yi rawa da girmana.

Rana ta take kafin layin ya ƙare. Yaya Tata na zaune a inuwar rumfa tana shan fura, ta sa an shafa wa Nusaiba man shanu a ƙunar hannunta. Yarinyar ta zo ta tsuguna gefenta, tana jujjuya magana a baki.

"Inna, da saura. Lalle yana koɗewa, kullum da kalar da yake komawa. Na yau kaɗai bai isa ba. Sai an riƙa ɗaukar hannu ɗaya kowace sahiya har ya goge."

Yaya ta ajiye ludayi ta dubi yatsunta.

"Nawa shi ya hi kamawa, shi zai hi daɗewa," in ji ta. "In na gama sallar asuba ki bar man ƙohwar ɗakin a buɗe."